Haɗa Kwamfuta Da Talabijin Ko Allo Na Biyu: Abin Da Za Ki Yi Idan Hoto Ya Ƙi Fitowa

 

A gidaje da yawa kwamfuta ɗaya ce tal, wata laftof da maigida ya bar wa yara, ko wadda aka yi ƙoƙari aka sayo ta hannu saboda karatu. Babbar 'yarki tana shirin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta gaba ɗaya. Ƙannenta suna son kallon darasin da malaminsu ya turo. Ke ma kina da lissafin kayan sana'arki da kike son dubawa. Kowa ya duƙufa a kan ɗan ƙaramin allo ana ture juna, alhali ga talabijin can a bango ba ya aikin komai.

Kin aika an sayo kebul, kin jona, sai talabijin ɗin ya yi shuɗi ya rubuta "No Signal". Yara sun zuba miki ido. A nan ne yawancinmu muke cewa a kira mai gyara, ko mu haƙura mu jefa kebul ɗin a durowa. To ki kwantar da hankalinki, sau da yawa babu abin da ya lalace. Yau za mu bi matsalar daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, yadda za ki iya magance ta da kanki, kuɗin mai gyara kuma ya tafi cefane.

Fara da sanin ramukan da ke jikin kayanki

Ki juya laftof ɗin ki dubi gefenta, sannan ki leƙa bayan talabijin. Ramuka huɗu ne za ki fi cin karo da su.

Na farko shi ne HDMI. Siriri ne mai ɗan faɗi, kusurwoyinsa biyu na ƙasa a yanke suke, kuma yawanci an rubuta sunansa a gefe. Shi ne ya fi dacewa da gida, domin kebul ɗaya ke ɗaukar hoto da murya tare.

Na biyu VGA, mai launin shuɗi da ƙananan huji 15 a layi uku. Tsohon yayi ne, kamfanin IBM ya fito da shi tun 1987, amma har yau yana jikin tsofaffin kwamfutoci da majigin makarantu. Abin da za ki riƙe game da shi: hoto kawai yake ɗauka, ba ya ɗaukar murya ko kaɗan.

Na uku DisplayPort. Yana kama da HDMI sosai, sai dai kusurwa ɗaya ce kawai a yanke. An fi samun sa a kwamfutocin ofis. Kada ki tura kan HDMI a cikinsa da ƙarfi, ba zai shiga ba, sai dai ki lalata ramin.

Na huɗu USB-C, ɗan ƙaramin nan irin na cajar wayoyin zamani. Shi ne ya fi yaudarar mutane, domin ba kowane ramin USB-C ne ke fitar da hoto ba. Wani na caji ne da tura fayil kawai. Idan kin ga alamar walƙiya ko harafin D mai P a cikinsa a gefen ramin, to yana fitar da hoto. Idan babu alama, ki rubuta sunan kwamfutar da lambar samfurinta a Google ki bincika kafin ki kashe kuɗi.

Shawarata, ki ɗauki hoton ramukan kwamfutar da na talabijin da wayarki kafin a tafi kasuwa. Ko Farm Centre ne ko titin Beirut a Kano, ko shagon unguwarku, a nuna wa mai shago hoton. Gani ya kori ji.

Idan ya rubuta "No Signal"

Ki bi waɗannan a jere, kada ki tsallake ko ɗaya don kina ganin ya yi sauƙi da yawa.

Da farko, ki ɗauki rimot ki nemi maɓallin da aka rubuta "Source" ko "Input". Talabijin yana da ramukan HDMI biyu ko uku, kowanne da lambarsa. Idan kin sa kebul a HDMI 2 alhali talabijin ɗin yana kallon HDMI 1 inda dikoda take, ba za ki ga komai ba har gobe. Ki duba lambar ramin da kika sa, ki zaɓi ita a rimot. Wannan kaɗai ke warware wa mutane da yawa matsalarsu.

Na biyu, ki zare kebul ɗin daga ɓangarorin biyu ki mayar, ki tabbatar ya shige har ƙarshe. Talabijin ɗin da ke manne a bango yakan lanƙwasa kan kebul ya sa ya ɗan zame. Idan VGA ne, ki ɗaure ƙusoshin nan biyu na gefe, ki kuma duba ko wata allura ta lanƙwashe a ciki.

Na uku, ki kashe komai. Ki zare filogin talabijin daga soket na kamar minti ɗaya, ki kashe kwamfutar, ki jona kebul, ki kunna talabijin tukuna, sannan kwamfutar. Dalili shi ne, duk lokacin da aka haɗa su, sai sun yi wata 'yar gaisawa: talabijin ɗin ya sanar da kwamfuta sunansa da girman hoton da zai iya nunawa. Idan wannan gaisawar ta sami tangarɗa, hoto ba zai fito ba sai an sake ta daga farko.

Na huɗu, ki gwada kebul ɗin a wani wuri. Ki ciro na dikoda wanda kin san yana aiki ki sa wa kwamfutar. Idan hoto ya fito, sabon kebul ɗin ne mara kyau, a mayar wa mai shago. Idan bai fito ba, ki canza zuwa wani ramin HDMI na talabijin. Abu ɗaya za ki riƙa canzawa a kowane gwaji. Idan kika canza kebul da rami a lokaci guda, ba za ki gane wanne ne mai laifin ba.

Maɓallai biyu da ya kamata ki haddace

Idan kwamfutarki Windows ce, ki danne maɓallin da ke da tambarin taga a layin ƙasa, sannan ki taɓa harafin P. Zaɓi huɗu za su fito a gefe.

"PC screen only" na nufin hoto a kwamfuta kawai, talabijin ya zauna baƙi. "Duplicate" na nufin duk abin da ke kan kwamfuta shi ne a talabijin. "Extend" yana mayar da talabijin wani fili na daban, kamar kin shimfiɗa tabarma ta biyu kusa da ta farko. "Second screen only" kuwa yana kashe allon kwamfuta ya bar talabijin kaɗai.

A nan mutane ke yawan rikicewa. Wata za ta ce talabijin ɗin ya nuna hoton bangon kwamfutar amma babu komai a kai, bidiyon da ta kunna bai fito ba. Lafiyarsa ƙalau, a kan "Extend" yake. Ki kama saman tagar bidiyon da maus ki ja ta zuwa gefen dama har ta tsallaka. Ko ki danne tambarin taga da Shift ki taɓa kibiyar dama ko hagu, tagar za ta yi tsalle ta koma ɗaya allon.

Idan allon ya daskare ko ya yi baƙi bayan kin jona, ki danne tambarin taga da Ctrl da Shift da B tare. Za ki ji ɗan ƙara, allon ya ƙifta, manhajar da ke kula da hoto ta sake tashi ba tare da kin rasa aikin da kike yi ba.

Amfanin allo biyu, da yadda ake jera su

"Extend" shi ne ya fi amfani a gidan da ke da yara. 'Yarki za ta iya buɗe bidiyon malami a babban allo, tana amsa tambayoyin gwaji a ƙarami. Ke ma kina iya kunna wa ƙanana darasinsu a talabijin, kina ci gaba da lissafinki a laftof.

Ki danna maus na dama a fili a kan allon, ki zaɓi "Display settings". Za ki ga akwatuna masu lamba 1 da 2. Ki taɓa "Identify", lambar kowane allo za ta bayyana a kansa. Idan talabijin yana hagunki amma kwamfuta ta ɗauka yana dama, kibiyar maus za ta riƙa maƙalewa a gefe. Ki ja akwatunan ki jera su yadda suke a ɗakin, ki taɓa "Apply". Idan akwati ɗaya kawai kika gani, ki nemi "Detect" ki taɓa don kwamfutar ta sake lalube.

Mai son allo uku, wato laftof da wasu biyu, ta san cewa kowace kwamfuta tana da iyakarta. Misali MacBook Air mai M1 ta 2020, allo ɗaya kawai take ɗauka daga waje ta hanyar da aka saba, ko da ramukanta biyu ne. Idan allo na biyu ya kama, na uku ya ƙi, ki cire na biyun ki gwada na ukun shi kaɗai. Idan ya yi aiki shi kaɗai, to babu abin da ya lalace, ƙarfin kwamfutar ne ya tsaya a nan.

Hoto ya fito, amma bai yi daidai ba

Idan rubutu ya yi dishi-dishi, ko fuskokin mutane sun yi faɗi, girman hoton ne bai dace ba. Laftof da yawa masu sauƙin kuɗi suna da 1366 x 768, talabijin da yawa kuma 1920 x 1080. A kan "Duplicate" dole su biyun su haɗu a kan girma ɗaya, shi ya sa babban yakan yi asara. Ki koma "Extend", ki shiga "Display settings", ki taɓa akwatin talabijin, a ƙarƙashin "Display resolution" ki zaɓi wanda aka rubuta wa "Recommended".

Idan gefunan hoton sun yanke har ba kya ganin layin ƙasa, daga talabijin ne. Yakan ɗan zuƙo hoto saboda tashoshi. Ki shiga saitin girman hoto da rimot: a LG ki nemi "Just Scan", a Samsung "Screen Fit" ko "Fit to Screen".

Idan hoton yana ɗaukewa yana dawowa, ko kina ganin ƙananan ɗigo suna ƙyalli, yawanci kebul ne, ko dai mara inganci ko ya yi tsawo. Kebul ɗin HDMI na yau da kullum yakan fara ba da matsala idan ya haura mita 10 zuwa 15. A falo mita 2 ko 3 ya wadatar. Ba sai kin sayi mafi tsada ba, amma ki guji mai sirantaka kamar zare, araha ba ta ado.

Idan komai na fita lafiya amma fim ɗin Netflix kaɗai ke yin baƙi, wata kariya ce da ake kira HDCP, wadda aka sa don hana satar fina-finai. Wasu ƙananan na'urorin canji ba sa jituwa da ita. Ki jona kebul kai tsaye daga kwamfuta zuwa talabijin ba tare da komai a tsakani ba.

Ga hoto, babu murya

Ki taɓa alamar lasifika a kusurwar ƙasa ta dama, ki buɗe jerin wuraren fitar da sauti, ki zaɓi sunan talabijin ɗinki. Kwamfuta takan ci gaba da tura murya zuwa nata lasifikar har sai an ce mata ta canza. Ki kuma duba ko yara sun danne maɓallin shiru a rimot. Idan da VGA kika jona, kin riga kin san dalili: sai kin ƙara kebul ɗin sauti mai kai irin na iyafis, daga ramin kwamfuta zuwa talabijin ko sifika.

Kafin ki sayi na'urar canji

Idan ramukan ba iri ɗaya ba ne, akwai ƙananan na'urori masu canza wannan zuwa wancan, amma yawancinsu hanya ɗaya suke bi. Wadda aka rubuta wa "HDMI to VGA" tana ɗauko hoto daga kwamfuta mai HDMI zuwa allo mai VGA. Ba za ta yi akasin haka ba. Sunan farko na kwamfuta ne, na biyu na allo. Idan tsohuwar kwamfuta ce mai VGA da sabon talabijin, "VGA to HDMI" za ki nema, kuma ita tana buƙatar wuta ta USB da kebul ɗin sauti.

Akwai kuma wasu biyu da masu saye ke yawan rikitawa. "Splitter" tana raba hoto ɗaya zuwa alluna biyu, kuma abu ɗaya za su nuna, ba za ki sami "Extend" tsakaninsu ba. Tana da amfani wurin walima ko taron suna, inda ake son maza a waje da mata a cikin gida su kalli abu ɗaya. "Switch" kuwa na wadda ramin talabijin ɗinta ya yi kaɗan ne, ta jona dikoda da kwamfuta ta riƙa zaɓar wanda take so.

Ba tare da kebul ba, da kuma wayar hannu

Idan talabijin ɗinki na zamani ne mai Wi-Fi, ki buɗe "Screen Share" ko "Screen Mirroring" a cikinsa, sannan a kwamfuta ki danne tambarin taga da harafin K, ki zaɓi sunansa. A wayar Samsung ana kiran abin "Smart View", a wasu wayoyin Android "Cast", a iPhone kuma "Screen Mirroring", wanda ke aiki da talabijin masu AirPlay. Idan ba su ga juna ba, ki kunna Wi-Fi a duka biyun, in akwai Wi-Fi a gidan ki ɗora su a kan guda ɗaya, ki kuma matso kusa. Wannan hanya takan ɗan yi jinkiri ko sarƙewa, don haka ranar darasi mai muhimmanci kebul ya fi tabbas.

Ki kula, wayoyi da yawa masu sauƙin kuɗi ba sa fitar da hoto ta ramin caji ko da USB-C ne. Kada ki sayi kebul ɗin waya zuwa talabijin sai an gwada shi da wayarki a gabanki a shagon.

Wuta, tsawa da ƙura

Ramin HDMI ba ya jure hawa da saukar wuta. A gidan da wayoyin wutarsa ba su da ta ƙasa, wani lokaci za ki ji kan kebul ɗin yana ɗan jan ki idan kin taɓa. Wannan gargaɗi ne. Ki kashe soket kafin ki jona ko ki zare, a kuma kira mai gyaran wuta ya duba gidan, saboda yara ma. Idan za a koma janareta ko an dawo da NEPA, ki bari wutar ta daidaita kafin ki kunna.

Da damina, idan hadari ya haɗu, ki zare kebul ɗin dish daga dikoda, ki zare filogi, ki cire kwamfutar daga jikin talabijin. Tsawa takan biyo ta kebul ɗin dish ta shiga dikoda, ta wuce ta HDMI ta ƙona duk abin da ke jone. Da hunturu kuma ƙura ke cika ramukan. Ki kashe kayan ki share da busasshen buroshi mai laushi. Ban da ruwa, ban da tsinke ko allura.

Sirrinki da idon yaranki

Wannan ya fi duk na baya muhimmanci. A kan "Duplicate", duk abin da ya faɗo a kwamfutarki zai fito ƙato a bango: saƙon WhatsApp daga maigida ko ƙawa, hotunanki na cikin gida, shafin bankinki. Ki yi tunanin falo cike da baƙi ko surukai. Kafin ki jona, ki rufe WhatsApp da imel, ki kunna "Do not disturb" ko "Focus assist", ki kuma zaɓi "Extend" don abin da kika ja zuwa talabijin ne kaɗai za a gani. Haka ma idan wayarki kika haska.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, babban allo yana taimaka miki wajen tarbiyya. Yaron da ke karatu a talabijin ɗin falo, kina ganin abin da yake buɗewa ko kina kicin kina leƙowa, ba kamar wanda ya shige ɗaki da laftof ba. Ki koya musu hutar da ido: bayan kowane minti 20 su kalli wani abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a shawarar da ta fitar a 2019, ta ce kada a zaunar da jariri gaban allo, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana. Ki ɗaga kebul ɗin daga ƙasa ki bi da shi jikin bango, kada mai rarrafe ya ja ya jawo laftof ko talabijin a kansa.

Yaushe za a kai wa mai gyara?

Idan kin gwada kebul biyu, kin gwada duk ramukan talabijin, kin kai kwamfutar gidan maƙwabta ta ƙi kamawa a nasu, to laifin daga kwamfutar ne. Ki fara sabunta ta ta "Windows Update", domin wani lokaci manhajar hoto ce ta tsufa. Idan ramin yana girgiɗi, ko ya yi baƙi, ko kina jin ƙauri, ki daina gwadawa ki kai gyara. Ki gaya wa mai gyaran duk abin da kika gwada ɗaya bayan ɗaya, hakan zai rage masa lalube ya rage miki kuɗi. Kafin ki miƙa, ki kwashe hotunanki da takardunki zuwa filash, ki fita daga WhatsApp da imel.

Kada ki bari sai ranar da ake buƙata. Ki gwada yau da rana tsaka, ki sa babbar 'yarki ko ɗanki kusa da ke su ma su koya. Idan kin bi matakan nan abin ya ƙi, ki rubuto mana a wurin sharhi da ke ƙasa: sunan kwamfutar, irin talabijin ɗin, irin kebul ɗin, da abin da allon ya rubuta. Wadda kuma ta taɓa cin karo da irin wannan ta warware, ta taimaka wa 'yan'uwa da yadda ta yi.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba masu jarrabawa sa'a. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.